Yadda Ake Zaɓar Gidan Kula da Tsofaffi ga Mai Ciwon Mantuwa

Iyalai da yawa ba sa fara neman gidan kulawa sai bayan wani abu ya faru: tsoho ya fita da dare ya ɓata, ko ya faɗi ya karye a ƙugu, ko kuma mai jinyarsa ita ma ta kwanta. A irin wannan hali, duk gidan da ke da gurbi shi ake karɓa, kuma galibin zaɓin da ake nadamarsa daga baya a nan yake samo asali. Idan likita ya tabbatar cewa ɗan'uwanku yana da ciwon mantuwa, ku fara leƙa gidaje tun yana iya faɗin abin da yake so da abin da ba ya so, ko da ba ku da niyyar kai shi a bana. Gidaje masu kyau sukan kasance da jerin masu jiran gurbi, kuma sa suna a jerin ba ya tilasta muku komai.

Ku fara sanin wanda za ku nema wa gida

Ciwon mantuwa ba cuta guda ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu fama da shi. Akwai wanda toshewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke haddasawa, shi yakan sauka ne mataki-mataki, musamman bayan ƙananan shanyewar jiki. Akwai nau'in Lewy, mai zuwa da gane-gane, taurin jiki, yawan faɗuwa, da hankalin da ke zuwa yana tafiya a yini guda. Akwai kuma wanda ke taɓa gaban ƙwaƙwalwa, yakan fara wa mutum tun bai tsufa sosai ba, ya canza masa hali da magana kafin mantuwar ta bayyana. Ku tambayi likita wane ne ɗan'uwanku yake da shi, domin mai shekara 58 da ƙarfinsa, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, ba gida ɗaya ne zai dace da shi da mai shekara 88 da ke kwance ba.

Sannan ku ɗauki mako guda kuna rubuta yadda yininsa ke tafiya. Ƙarfe nawa yake tashi, sau nawa yake farkawa da dare, yana iya kai kansa banɗaki ko sai an tuna masa, yana ci da kansa ko sai an ba shi, yana ƙwarewa idan ya sha ruwa, wane lokaci ne hankalinsa ya fi tashi, me ke kwantar masa da shi. Ku rubuta gaskiya, har da duka ko zagi idan yana yi. Wasu iyalai sukan ɓoye irin wannan don kada a ƙi karɓarsa, sai bayan wata biyu gidan ya ce ba zai iya da shi ba, a sake kwashe shi zuwa wani wuri. Ƙaura biyu ta fi ƙaura ɗaya wahala ƙwarai ga mai wannan ciwo.

Gidajen kansu kashi biyu ne a mafi yawan ƙasashe. Akwai masu taimakawa da wanka, sutura, ci da sha da ba da magani kawai, akwai kuma waɗanda ke da ma'aikacin jinya mai lasisi dare da rana. Wanda ke da gyambo, ko ciwon sukari mai buƙatar allurar insulin da ake yawan canza adadinta, ko matsalar haɗiya, na biyun ne ya fi dacewa da shi. Ciwon mantuwa kuma gaba yake yi, ba ya komawa baya. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ya kamata ku yi tun a waya kafin ku ɓata ƙafa, ita ce: idan ya daina tafiya, ya daina magana, ya kai ga kwanakinsa na ƙarshe, zai ci gaba da zama a nan ko za ku ce mu ɗauke shi? Ku nemi a faɗa muku a fili irin halin da ke sa su sallami mutum.

Takardun gidan

Ku tabbatar gidan yana da rajista da hukumar da ke sa ido a ƙasar, ku karanta rahoton bincikensa na ƙarshe. A Ingila, misali, hukumar CQC ce ke ba gidaje matsayi daga cikin matakai huɗu, a Amurka kuma Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnati, yana ba gidajen jinya tauraro ɗaya zuwa biyar. Kada ku tsaya a kan matsayin kawai. Ku duba ranar da aka yi binciken, ku karanta abin da aka same su da shi, ku tambayi shugaban gidan me ya gyara. Idan an canza shugaba ko mai gidan bayan rahoton, rahoton yana magana ne a kan wani gida daban.

Ziyara uku, a lokuta uku

Ziyarar farko ta alƙawari ce, za a zagaya da ku a nuna muku ɗaki mafi kyau. Tana da amfani, amma ba ita za ta nuna muku gidan ba. Ku koma lokacin cin abincin rana, sannan ku sake komawa ba tare da sanarwa ba, da yamma wajen ƙarfe 4 zuwa 6, zai fi kyau a ranar hutun ƙarshen mako. Dalilin yammar shi ne, masu ciwon mantuwa da yawa hankalinsu yakan tashi idan rana ta yi sanyi, su fara kai-komo, suna neman ƙofa, suna cewa za su tafi gida. A daidai lokacin ne kuma ma'aikatan rana suka gaji. Gidan da ke da natsuwa a wannan sa'a, ya san aikinsa. Gidan da ya hana ku shigowa sai da alƙawari, ba tare da dalili irin na ɓarkewar cuta ba, ku cire shi daga lissafi.

Idan kun shiga, ku samu kujera a falo ku zauna minti 30 kuna kallo, ba ku magana. Ku lura ko ma'aikaciya tana durƙusawa ta daidaita idonta da na tsohon kafin ta yi masa magana, ko daga tsaye take jefa masa umarni. Tana kiran sunansa? Tana gaya masa abin da za ta yi kafin ta tura kekensa, ko daga baya kawai take fizgarsa kamar kaya? Ma'aikata biyu suna hira da juna a kan mutum kamar ba ya wurin? Idan wani ya yi kira, minti nawa ake ɗauka kafin a je? Ku dubi mazauna gidan su kansu: farcensu, haƙoransu, ko tabarau na fuskarsu, ko na'urar jin magana na kunnensu, ko tufafin jikinsu nasu ne kuma daidai da su. Falon da kowa ke gyangyaɗi da tsakar rana a gaban talabijin ba alamar kwanciyar hankali ba ce. Sau da yawa rashin abin yi ne, wani lokaci kuma magani ne.

Hanci ma yana aiki. Warin fitsari a ɗaki ɗaya na ɗan lokaci ba komai ba ne, hatsari yana faruwa. Wanda ya kama labule da kujeru da dukan baranda, shi ne ke nuna ana barin mutane a jiƙe.

Ma'aikata su ne gidan

Fenti da furanni ba sa yi wa kowa wanka. Ku tambayi adadin ma'aikatan da ke kula da mutane kai tsaye da safe, da yamma, da kuma dare, a ɓangaren da ɗan'uwanku zai zauna, banda masu dafa abinci da masu shara da na ofis. Babu adadi guda da ya dace da kowane gida, amma lissafi mai sauƙi zai taimake ku. Ɗaga mutum da na'urar ɗagawa yakan buƙaci mutum biyu. Idan ma'aikata biyu ne kawai ke da mutum 30 da dare, to duk lokacin da suke ɗakin mutum ɗaya, saura 29 ba su da kowa. Ku nemi ganin jadawalin aiki na makon da ya wuce, ba wanda aka tsara a takardar talla ba.

Ku tambayi shekara nawa shugaban gidan ya yi a wurin, da kuma yawan 'yan wucin gadi da ake ɗaukowa daga waje. Mai ciwon mantuwa ba zai riƙe sunan mai kula da shi ba, amma yakan saba da murya da fuska da yadda ake taɓa shi. Ma'aikaciyar da ta yi shekara biyu da shi ita ce za ta gane cewa shirun da ya yi yau ba irin na kullum ba ne. Baƙuwar da ta zo aikin dare ɗaya ba za ta gane ba.

Maganar horo kuwa, kowane gida zai ce yana yi. Hanyar ganewa ita ce ku kawo misali ku ji amsa, kuma ku tambayi ma'aikaciyar da ke bakin aiki, ba shugaba kaɗai ba. Ku ce: idan ya ƙi wanka kwana uku, me za ki yi? Amsa mai kyau za ta ƙunshi canza lokaci, canza mai yi masa, ɗumama banɗaki, rufe masa jiki da tawul, ko goge shi a zaune har ya yarda. Idan aka ce ai mu biyu muke riƙe shi a gama, kun ji abin da ya kamata ku ji. Ku ce: idan ya tashi yana neman mahaifiyarsa wadda ta rasu shekara 40 da suka wuce fa? Wanda ya san aikin ba zai riƙa sanar da shi rasuwar kullum ba, don kowane lokaci sabon makoki ne a gare shi. Zai zauna da shi, ya ce ba ni labarinta, ya nemi abin da ke ƙarƙashin kiran, ko tsoro ne, ko kaɗaici, ko yunwa. Wannan salon na sa mutumin a gaba da ciwonsa, wanda masanin nan na jami'ar Bradford, Tom Kitwood, ya yi fice da shi, yanzu kusan kowane gida yana rubuta shi a takardunsa. A irin waɗannan amsoshin ne za ku gane ko ya wuce takarda.

Magani, da abin da ake kira rigima

A nan ya kamata ku fi tsayawa. Idan mai ciwon mantuwa ya fara ihu, ko duka, ko ya rikice fiye da yadda aka saba cikin kwana ɗaya ko biyu, mafi yawan lokaci akwai dalili a jikinsa wanda ya kasa faɗa: ciwon haƙori, ciwon gaɓoɓi, kwana da kwanaki bai yi bayan gida ba, fitsari ya taru ya ƙi fita, ƙarancin ruwa a jiki, ƙwayoyin cuta a mafitsara ko a huhu, ko wani sabon magani da aka fara ba shi. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya. Rikicewar farat ɗaya abu ne daban, kuma yana buƙatar likita a ranar. Ku tambayi gidan yadda suke gane ciwo a jikin wanda ba ya magana. Akwai ma'aunai da aka tsara don haka, irin su PAINAD da Abbey, masu duba yanayin fuska, numfashi, nishi da yadda mutum ke riƙe jikinsa. Gidan da ya san sunansu kuma yana cike su, ya yi nisa.

Inda ba a neman dalili, sai a koma ga magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da risperidone. Suna da wurinsu, idan mutum yana cikin matsanancin firgici ko zai ji wa kansa ko wani rauni, amma suna ƙara haɗarin shanyewar jiki, faɗuwa da mutuwa ga tsofaffi masu ciwon mantuwa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan sababbin cikinsu a 2005, ta faɗaɗa shi zuwa tsofaffin magungunan a 2008. Ga mai nau'in Lewy kuwa, haloperidol yana iya sandarar da jiki ya jefa shi cikin mummunan hali. Ku tambaya: mutum nawa ne a gidan nan ke shan irin waɗannan? Wa ke sake duba su, kuma bayan mako nawa? Za a kira mu kafin a fara? Shugaban da ya san adadin ba tare da ya buɗe fayil ba, alama ce yana bin abin. Ka'ida ita ce mafi ƙanƙantar adadi, na ɗan gajeren lokaci, ana sake dubawa aƙalla kowane mako 6.

Haka ɗaure mutum a kujera, ko ajiye shi a kujera mai zurfi da ba zai iya tashi ba, ko kulle shi a ɗaki, su ma suna da haɗari. Ƙarfen gefen gado ma, wanda iyalai kan roƙa da kansu, yana da haɗari ga wanda ya rikice, domin yakan yi ƙoƙarin haurawa ya faɗo daga wuri mafi tsayi, ko wuyansa ya maƙale tsakanin ƙarfen da katifa. Gado mai saukowa kusa da ƙasa, da shimfiɗa mai laushi a gefensa, da na'urar da ke sanar da ma'aikata idan ya tashi, sun fi aminci.

Ci da sha da fata

A lokacin cin abinci ku ƙirga mutum nawa ke buƙatar a ba su a baki, da hannu nawa ke akwai. Ciyar da mutum ɗaya yadda ya kamata yana iya cin minti 30 ko fiye, a zaune kusa da shi, shi kuma a miƙe zaune, ba a kishingiɗe ba. Idan ma'aikaciya ɗaya tana tsaye tana zagaya mutum huɗu da cokali, wasu za su ƙware, wasu kuma a ɗauke farantinsu da abinci a ce sun ƙoshi. Ƙwarewa ba ƙaramin abu ba ce, abinci ko ruwa da ya bi hanyar iska shi ke kawo ciwon nimoniya, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwo. Ku tambaya ko akwai ƙwararren da ke auna haɗiya, da ko ana goge wa mutane baki safe da dare. Faranti mai launi da ya bambanta da na abincin da na teburin yana taimaka wa wanda idonsa ya daina rarrabewa, wanda kuma ya manta amfani da cokali a ba shi abin da zai ɗauka da hannu.

Ya kamata a auna nauyin kowa aƙalla sau ɗaya a wata. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata 3 zuwa 6 ba tare da niyya ba ta isa a sanar da likita da ku. Ruwa kuma, tsoho yana buƙatar kusan lita 1.5 zuwa 2 a yini sai idan likita ya rage masa, kuma mai mantuwa ba zai nema ba. Ajiye kofi a gabansa bai wadatar ba, sai an miƙa masa an jira ya sha. Ga wanda ke kwance, ku tambayi bayan awa nawa ake juya shi, yawanci tsakanin 2 zuwa 4 ne gwargwadon fatarsa da irin katifar, ku kuma tambayi ko akwai mai gyambon kwanciya a gidan yanzu da inda ya samo shi.

Ginin kansa

Wannan bai kai sauran nauyi ba, amma akwai abubuwan dubawa. Ƙananan ɓangarori masu mutum kaɗan sun fi dogayen barandoji masu ƙofofi iri ɗaya. Daɓe mai sheƙi yakan zame masa kamar ruwa, baƙar tabarma a bakin ƙofa kamar rami, sai ya tsaya ya ƙi takawa. Banɗaki ya zama ana hango shi daga gado, da fitila mai kwana a kunne, da mazaunin masai mai launi daban da na ƙasa. A samu fili a waje mai katanga wanda mutum zai iya fita da kansa ya zaga ya dawo. Ku murɗa ƙofar filin ku gani ko a buɗe take. Sannan nisa: gida mai matsakaicin kyau da za ku iya zuwa sau uku a mako yakan fi na ƙwarai da sai sau ɗaya a wata, domin idon dangi yana cikin abin da ke tsare majinyaci.

Kafin ku sa hannu

Ku tafi da yarjejeniyar gida ku karanta a natse. Me kuɗin ya ƙunsa, me ake biya daban, kamar kunzugun manya, wanki, rakiya zuwa asibiti? Sau nawa ake ƙarin kuɗi, da sanarwar kwana nawa? Idan buƙatarsa ta ƙaru, kuɗin zai ƙaru? Idan ya kwanta a asibiti, za a riƙe masa ɗakin? Kwana nawa ake ci gaba da caji bayan rasuwa? Ku kula da wurin da ake sa mai sa hannu ya zama mai lamunin bashi da dukiyarsa ta kansa. Idan ɗan'uwanku yana da sauran hankalin yanke shawara, yardarsa ake buƙata, kuma yanzu ne lokacin da zai wakilta wani a hukumance kan lafiyarsa da dukiyarsa. Idan an makara, sai an bi hanyar da dokar ƙasar ta tanada, wadda ta fi tsawo. Ku kuma zauna da gidan da likita a rubuta abin da yake so idan jiki ya yi tsanani, game da kai shi asibiti da sa masa robar abinci, wadda a ƙarshen ciwon mantuwa ba a ga tana ƙara kwana ko hana nimoniya ba.

Ranar ƙaura da makonnin farko

Ku shirya ɗakin kafin ya iso, da bargonsa, kujerarsa, hotunan da ya fi ganewa, waɗanda galibi na ƙuruciyarsa ne ba na bara ba. Gadon ya fuskanci ɓangaren da ya saba sauka. Ku kai shi da hantsi, lokacin da hankalinsa ya fi zama, ba da yamma ba. Ku miƙa wa ma'aikata cikakken jerin magungunansa da takarda shafi ɗaya ko biyu a kan ko shi wane ne: sunan da yake amsawa, sana'ar da ya yi, ibadarsa, abin da ke tsorata shi, yadda yake nuna yana jin fitsari. Ku sa suna a tufafi, tabarau da haƙoran roba, don su ne suka fi ɓata.

Zai yiwu ya ƙara rikicewa a makonnin farko, ya riƙa cewa ku mayar da shi gida. Wannan kaɗai ba ya nuna kun yi kuskure, yawanci yakan lafa a hankali. Idan za ku tafi, kada ku yi doguwar sallama, ku bari sai an kawo abinci ko ma'aikaciya ta ja hankalinsa. Abin da ba na sabo ba ne shi ne barci mai nauyi da rana wanda bai saba ba, ƙujewa ko tabon da ba a iya bayaninsa, saurin rama, jan fata a ɗuwawu ko diddige wanda ba ya gushewa idan an danna, ko ya riƙa firgita idan wani ma'aikaci ya matso. Ku rubuta rana da lokaci, ku kai wa shugaban gidan a rubuce, idan ba a gyara ba ku wuce ga hukumar da ke sa ido. Ku nemi a sa ranar zama na duba tsarin kulawarsa bayan mako 6, ku je da takardar nan ta mako guda da kuka rubuta tun farko, a gwada nauyinsa, barcinsa, tafiyarsa da magungunansa na yanzu da yadda suke ranar da ya shigo.